GIDA YANA KASUWA, BA MAI TAYAWA: ABIN DA TARIHIN GOBIR KE FAƊA WA MAI SAYARWA

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Duk mai dangi a Sabon Birni ko Isa ya san maganar da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan: "Ai gidan wane yana kasuwa." Shekara ta zagayo ka tambaya, yana nan. Wata ta sake zagayowa, yana nan. Mai gida ya yanke miliyan kaza, ko sisi ba ragi. Dillali ya kawo mutum, ya leƙa ɗakuna, ya taya abin da bai kai rabi ba, mai gida ya ce "albarka" ransa a ɓace. Daga baya ma tayin ya ɗauke. Damina na cin katanga, gara na cin rufi, shi kuma yana can Sakkwato yana biyan haya.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san abin da gida yake nufi ga irinmu. Adashe ne na shekara da shekaru, da bashin ƙungiyar ma'aikata, wani ma har da kuɗin sallamarsa. Saboda haka idan na ji dattijo yana cewa "wallahi ba ni bada wanga gida hakanan, ni na san abin da nik kashe," ba na ganin laifinsa. Lissafi uku yake yi a zuci. Na farko, abin da ya kashe, da abin da za a kashe yau in za a sake ginin: buhun siminti da ake saye wajen naira 2,500 a 2019 ya haura 10,000 a wasu wurare a farkon 2024. Na biyu, kuɗin da maƙwabcinsa ya sayar da nasa tun ana zaman lafiya. Na uku, abin da zai ishe shi ya sayi ko da ɗan madaidaici ne a Sakkwato. Duka ukun gaskiya ne. Matsalar ita ce babu ko ɗaya daga ciki a lissafin mai saye. Shi tambayarsa daban: in na shiga gidan nan, zan yi barci? Kasuwa na ci? Hanya na biyuwa?

Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta a ƙasar Gobir ba. Mu ɗan koma baya.

Kafin Gobirawa su sauko kwarin Rima, sun yi zama a Birnin Lalle, wanda yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. A lokacin babban birnin wannan yanki namu shi ne Birnin Zamfara, wanda kufansa ke kusa da Isa ta yau. Wajajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, mulki da kasuwa suka koma Alƙalawa. A zamanin Bawa Jan Gwarzo, Alƙalawa na cikin manyan biranen ƙasar Hausa: ga ganuwa, ga fada, ga fatake, ga malamai na shiga da fita. Wanda ke da gida kusa da fada ko bakin kasuwa a lokacin, ya mallaki abin da kowa ke kwaɗayi. A 1808 birnin ya faɗi hannun masu jihadi, Sarki Yunfa ya rasu a wannan yaƙi, jama'a suka watse. Ba tsohon miki nake son fama ba, dukkanmu yanzu jikokin juna ne. Abin da nake so a duba shi ne, ƙasar wurin ba ta canza ba, gulbi bai ƙaura ba, amma cikin ɗan lokaci gidan Alƙalawa ya zama abin da ko kyauta aka ba mutum sai ya yi tunani.

Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, darajar mazauni ta koma can. Sai wajajen shekarun 1860 zuwa 1870 Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri, ya dawo kwarin Rima da jama'arsa, ya kafa garin da har yau muke kira Sabon Birni. Sunan kansa shaida ne cewa akwai tsohon da aka bari.

Abu biyu na gani a nan, kuma suna jan juna. Na ɗaya, ƙasar nan tana farfaɗowa. Fadamar da ta ciyar da Birnin Zamfara da Alƙalawa ita ce ta ciyar da Isa da Sabon Birni, kuma in Allah Ya so ita za ta ciyar da jikokinmu. Na biyu, farfaɗowar ba ta bin agogon mutum ɗaya. Daga faɗuwar Alƙalawa zuwa kafuwar Sabon Birni an haura shekara 50. Kuma da aka dawo, ba Alƙalawa aka sake tayarwa ba, wani wuri aka zaɓa. Ɗan fansho mai shekara 65 da ke cewa "zan jira kasuwa ta dawo" ya kamata ya san wane irin jira yake magana.

Akwai kuma bambanci tsakaninmu da kakanninmu da ba mu cika lura da shi ba. Su fili wurin sarki ko mai gari ake samu. Gini na ƙasa ne da tubali, da azara, da kara. In zama ya gagara, mutum ya cire azararsa da ƙyauren ƙofa, ya kora dabbobinsa, ya yi gaba. A rani ɗaya, da gayyar 'yan uwa, ya tada wani gidan. Dukiyarsa tana cikin abin da ke tafiya da ƙafa ko ake ɗauka a ka. Mu kuwa mun zuba tamu cikin bulo da rodi da dakali, abin da ba ya ciruwa. Shi ya sa faɗuwar farashin gida take mana zafin da su ba su sani ba.

Zamanin Turawa ma ya nuna yadda hanya ke yi wa gari daraja. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Ingila da Faransa suka shata iyaka, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗa nan. Iyakar ta raba dangi, amma ta haifar da cinikin kan iyaka da ya rayar da garuruwanmu. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, hanyar da ta bi ta Shinkafi da Isa zuwa Sabon Birni har Maraɗi ta ƙara nauyi. Hatsi, dabbobi, albasa, kayan masarufi, duk ta nan suke wucewa. Kuɗin wannan zirga-zirga, da albashin ƙaramar hukuma da na malaman makaranta, su suka gina yawancin gidajen bulo da ake rigimar farashinsu yau.

To, yanzu a lissafa abin da ya sami wannan hanya da wannan kasuwa. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, ba a fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A watan Mayun 2020 aka kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni irin su Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na gabashin jihar. A Disambar wannan shekara aka ƙona matafiya cikin mota a wajen Gidan Bawa, mutanen da barin yankin ma suke yi. Dubban jama'armu suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. A farkon 2023 ga ƙarancin takardun naira, a watan Mayu aka cire tallafin mai, bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. A Agustan 2024 kuma muka ji rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Jama'a, duk mai niyyar sayen gida ya san waɗannan abubuwa kamar yadda mai sayarwa ya sani. Farashin 2018 na wata duniya ce.

Wani zai ce, ai cikin gari cike yake da mutane, ɗakin haya ma wuya yake. Haka ne, kuma wannan ne ke ruɗin masu gidaje. Waɗanda suka cika gari mutanen ƙauye ne da aka raba da gonakinsu da dabbobinsu. Suna buƙatar wurin kwana, ba su da kuɗin saye. Masu kuɗin saye kuwa, da yawansu sun kwashe iyali zuwa Sakkwato. Wanda ya rage ba ya son a ji ya sayi gida, don cinikin gida ba ya ɓoyuwa: ga dillali, ga mai unguwa, ga shaidu, kafin la'asar labari ya kai kunnen infoma. Ga kuma maganar takarda. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne. Yawancin gidajenmu takardar ciniki kawai gare su mai sa hannun shaidu, banki ba zai ba da rance a kanta ba. Ke nan sai mai tsabar kuɗi a hannu, kuma su ne suka yi ƙaranci.

Kada a ɗauka taurin kai ne na Bagobiri, duk da abokan wasanmu Yarbawa za su so a ce haka. Halin ɗan Adam ne. Wasu masana tattalin arziki biyu, David Genesove da Christopher Mayer, sun bibiyi cinikin gidaje a birnin Boston na Amurka a shekarun 1990, lokacin da kasuwa ta faɗi, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun gano cewa wanda zai sayar ƙasa da yadda ya saya yakan sa farashi sama da na sauran, gidansa kuma ya fi daɗewa ba a saya ba. Zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciya, ko a Boston ko a Isa.

Sai dai jira ma yana da kuɗinsa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. A irin wannan shekara, wanda ya kafe a kan miliyan 10, ko da ya samu bayan wata 12, abin da za ta saya masa bai wuce na miliyan 7 da rabi na bara ba. Ƙara da haya da ya biya a wani gari, da gyaran da kango zai ci. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sau da yawa tayin farko da aka kora da fushi shi ne mafi tsoka da za a gani.

Yanzu bari in juya ga masu saye, don maganar ba ta gefe ɗaya ba ce. Akwai wanda ba ya da zaɓin jira: an ɗauke ɗansa ko matarsa, an ba shi kwanaki ya kawo kuɗin fansa. Akwai gwauruwa da marayu da aka raba wa gado, gida ɗaya ne duk abin da aka bari. An ce rashin tayi ake barin arha, amma wannan karin magana ba don irin waɗannan aka yi ta ba. Malaman fiƙihu sun daɗe suna jan kunne a kan cinikin wanda matsuwa ta tilasta. Kasuwa ta faɗi, gaskiya ne, saya a farashin yau ba laifi. Amma ka san mutum wuƙa ce a wuyansa ka taya kashi ɗaya cikin biyar, ka kuma haɗa baki da dillali ya kore sauran masu tayi, wannan ba ciniki ba ne, kuma akwai ranar da za a tambaya. Dillalai ma ku ji tsoron Allah: kada ku kumbura wa mai gida farashi don ya ba ku gidan, kada ku danne shi don la'ada ta fito da wuri.

Ga mai gida, shawarata ita ce ya fara tambayar kansa: sayarwa nake so, ko dai ban shirya rabuwa da gidan ba? In bai matsu ba, ya janye shi daga kasuwa, ya sa ɗan uwa ko ɗan haya, ko ma wani bawan Allah da aka koro daga ƙauye ya riƙa share shi yana toshe yoyo. Gidan da ake hura wuta a ciki ba ya mutuwa da wuri, ga lada. In kuwa da gaske sayarwa ce, kada ya tambayi nawa ake sa wa gidaje, ya tambayi nawa aka sallama na ƙarshe a unguwarsu, kuma yaushe. Ya ji bakin dillali fiye da ɗaya. In gidan gado ne, magada su zauna su amince da ƙasan farashi tun kafin mai saye ya zo, a kuma fara yi wa na cikin gida tayi. Ya gyara takardunsa. In mai saye amintacce ne, biya kashi-kashi a gaban shaidu ya fi shekara uku ana jiran mai jaka.

Ga hukuma kuma, farashin gida a Sabon Birni da Isa ma'auni ne da ba ya ƙarya. Duk sanarwar da za a yi cewa tsaro ya inganta, ranar da muka ga ɗan kasuwa ya dawo da iyalinsa daga Sakkwato ya taya gida a bainar jama'a ba tare da fargaba ba, ranar za mu yarda. Kakanninmu da zama ya gagara sun sami inda za su kafa sabon birni. Mu ba mu da wani dajin da za mu sara, wannan da ke hannunmu shi za a tsare.

Wanda ya san yadda ciniki ke tafiya a unguwarsu, ko dattijon da ke da ƙarin bayani kan tarihin nan, muna saurare. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya sa albarka a abin da muka gina. Amin.