Cabbage Patch Kids

Cabbage Patch Kids 'yan tsana ne na Amurka masu jikin ƙyalle da kumburarrun kumatu, waɗanda aka yi yayinsu a shekarun 1980. Xavier Roberts, ɗan jihar Jojiya, shi ya fara sayar da su a ƙarshen shekarun 1970 da sunan Little People, ɗinkin hannu. Ya mayar da wani tsohon asibiti a garin Cleveland na jihar ya zama shagonsu, inda masu sayarwa ke sanye da kayan ma'aikatan jinya. Kowace 'yar tsana tana zuwa da sunanta da takardar haihuwa, mai saye kuma yana karɓarta ne da sunan riƙo.

A 1982 kamfanin Coleco ya sami lasisin ƙera su, aka sauya suna zuwa Cabbage Patch Kids, aka yi musu kan roba. Ana bambanta gashi da idanu da tufafi, ta yadda da wuya a sami biyu iri ɗaya. Gab da Kirsimetin 1983 suka yi ƙaranci, iyaye suka riƙa turereniya da dambe a kantuna, har wasu suka ji rauni.

Daga baya kasuwar ta ja baya, Coleco ya karye a 1988. Kamfanin Hasbro ya gaje shi, sannan kamfanin Mattel. A 1997 Mattel ya janye wani samfuri mai tauna abincin roba, saboda yana kama gashi da yatsun yara. Har yanzu ana ƙera su, kuma masu tara kayan tarihi sun fi darajanta na farko masu ɗinkin hannu.