Makaɗin da Ba Ya Gajiya: Yadda Na'ura Ta Zama Abokiyar Atisayen Mai Jita

Mai koyon jita na iya gyara yatsunsa shi kaɗai a ɗaki, amma daidaita bugu da lokaci sai da abokin kiɗa. Abokin kuwa yana da tsada: ganguna na cin wuri, suna damun maƙwabta, makaɗinsu ma yana da nasa uzurin. Fiye da shekara 200 ke nan masu fasaha na neman wanda zai maye gurbinsa.

Matakin farko shi ne metronom, ɗan akwatin da sandarsa ke lilo tana ƙwanƙwasa daidai wa daida. Dietrich Winkel ne ya ƙirƙiro shi a Amsterdam a 1814, sai Johann Maelzel ya yi masa rajista da sunansa a 1815. Da shi aka fara ƙayyade saurin kiɗa da lissafi, wato bugu nawa a minti ɗaya. Sai dai ƙwanƙwasa ba kiɗa ba ce, domin ba ta bambanta bugu mai nauyi da marar nauyi.

Faifan garmaho ya ɗan cike giɓin. A 1950 Irv Kratka ya kafa kamfanin Music Minus One a New York, yana sayar da faifan da aka cire sautin kayan kiɗa ɗaya domin ɗalibi ya cike gurbin. A 1967 Jamey Aebersold ya fara fitar da irinsa ga masu koyon jaz. Ɗalibi ya sami ƙwararrun abokan kiɗa, amma ba shi da ikon rage musu sauri idan yatsunsa sun gaza.

Na'urar ganga ce ta ba shi wannan iko. A 1959 kamfanin Wurlitzer na Amurka ya fitar da Side Man, akwatin katako mai fitar da salon kiɗan rawa irin su tango. Don masu kaɗa ogan aka yi ta, amma masu jita sun ga amfanin irinta. J.J. Cale ya sa na'urar ganga a wasu waƙoƙin faifansa na farko, Naturally, a farkon shekarun 1970, lokacin da aljihunsa bai kai ga ɗaukar cikakkiyar ƙungiya ba.

Babban sauyi ya zo ne daga hannun wani mai jita, Roger Linn, wanda ya so ganguna masu kama da na gaske a waƙoƙin da yake gwadawa a gida. A 1980 ya fitar da LM-1, wadda ke ɗauke da sautin ganguna na ainihi da aka naɗa. Na'urar tana gyara bugun da ya kauce, tana kuma iya jinkirta wani bugun da gangan, domin Linn ya lura cewa daidaito fiye da kima yana kashe armashin kiɗa. Kuɗinta ya kai kusan dala 5,000, kuma kimanin 500 kawai aka ƙera, don haka ta tsaya a hannun manya irin su Prince. Makaɗa sun tsorata da makomar sana'arsu, har a 1982 reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya nemi a hana amfani da irin waɗannan na'urori.

Kwamfuta ce ta karya farashin. A 1983 kamfanoni suka amince da MIDI, tsarin da kayan kiɗa na lantarki ke aika wa juna umarni da shi. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda daga 1999 ya ba da damar kayan kiɗa su zama manhaja zalla. EZdrummer ta kamfanin Toontrack na Suwidin ta fito a 2006. Irin wannan manhaja tana ajiye sautin kowace ganga sau da dama, daga bugu mai taushi zuwa mai ƙarfi, ta riƙa sauya su don kada kunne ya gane maimaici. A 2013 Apple ya sa makaɗin na'ura a Logic Pro X da GarageBand.

Guguwar ta iso Sahel. A Sakkwato ne Mdou Moctar, mai jita ɗan Nijar, ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da salon waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya. Da duniya ta san shi kuwa, da makaɗin ganga mai rai yake hawa dandamali.

Wannan zaɓi nasa ya nuna iyakar na'urar. Tana tona asirin mai gaggawa da mai jan ƙafa, tana maimaita layi sau ɗari ba tare da ƙosawa ba, tana rage sauri gwargwadon buƙata. Amma a gidan biki mai kalangu yana kallon ƙafar masu rawa, ya ƙara wuta ko ya sassauta, sauran makaɗa su bi shi da kunne. Ɗalibin da bai taɓa kiɗa da kowa ba sai manhaja yakan iya riƙe bugu, ya kasa bin mutum idan kiɗa ya sauya. Wannan darasin har yau a gaban makaɗi mai numfashi ake ɗaukarsa.