Daga Bulala Zuwa Tsallen Kwaɗo

Abin da ya jawo ni ga rubuta wannan 'yar maƙala shi ne wani aiki da aka ba mu a aji a kan kalmomin da Hausa ta aro daga Ingilishi ta hanyar bariki. Na tattara su kamar yadda kowa ya yi: soja, hafsa, samanja, saje, kofur, farabiti, fareti, kurtu. Da na je gida hutu sai na kai wa wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi soja har ya yi ritaya, don ya duba mini. Ya karanta, ya miƙo mini takardar, ya ce, "Ɗana, ka bar babbar a baya. Ina gwale-gwale?" Na ce, "Ai Kawu, wannan ba ta aro ba ce, tamu ce." Ya ce to, shi ya sa ta fi sauran zafi.

Gwale-gwale dai, ga wanda bai sani ba, shi ne horon da ake yi wa soja, musamman kurtu, ta hanyar gajiyar da jikinsa, watau tsallen kwaɗo, da birgima cikin taɓo, da gudu da kaya a baya, da ɗaga bindiga sama har kafaɗu su mutu. Ba a taɓa shi da hannu, shi ne zai wahalar da kansa bisa umurni. Tun daga ran nan tambaya ta tsaya mini a rai: ina wannan al'ada ta samo tushe, kuma yaya ɗan Adam yake jure mata wata da watanni?

Sojan Nijeriya yana ƙirga asalinsa ne daga 1863, sa'ad da wani hafsan jirgin ruwan Ingila mai suna Glover ya tara waɗansu 'yan Arewa a Ikko ya ba su bindiga, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda ita ce ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Da Hausa ake magana a cikin wannan runduna, har ya zama dole hafsoshin Turawa su koye ta. A nan ne kalmomin da na lissafa suka shigo mana.

To, amma babban horon wancan zamani bulala ne. Abin lura a nan shi ne, Ingila ta hana yi wa sojanta farar fata bulala tun 1881, amma sojanta na Afirka sai a 1946 aka ɗauke masa ita. Shekara 65 ke nan tsakani. Hujjar da hafsoshi suka riƙa kafawa ita ce, wai baƙar fata ba ya jin wani horo in ba wannan ba, kuma in aka kulle shi an yi hasarar aikinsa na kwanaki, alhali bulala nan take ake gamawa. Mai karatu ya auna wannan hujja da kansa. Ni dai a ganina rashin ɗaukar mutum mutum ne kawai aka yi wa riga.

A 1924 aka kafa makarantar horar da kurata a Zariya. Yaro zai baro gona, a aske masa kai, a ba shi gajeren wando na kaki da jar dara, a koya masa maci ba ko takalmi, domin kuwa sai a lokacin yaƙin Hitila takalmi ya zama ruwan dare ga sojanmu. Da yaƙin ya yi zafi aka ɗebi mutane dubbai, aka haɗa manyan rundunoni biyu, ta 81 da ta 82, aka kai su Indiya, daga can suka shiga Bama don karawa da Japan. A kwarin Kaladan, cikin 1944, babu hanyar mota, sai duwatsu da ƙungurmin daji. Jirgin sama ke jefo abinci, mutane kuma su ɗauki harsashi da sauran kaya a ka, su hau tudu su gangara. Barikin Chindit na Zariya daga wannan yaƙi ya samo sunansa. A nan dole in yi adalci: wanda bai saba tafiya bayan ƙarfinsa ya ƙare ba, da bai fito daga wannan daji ba. Saboda haka ba dukan wahalar kurtu ce zalunci ba.

Sai dai kuma wanda ya yi yaƙi tare da Bature a Bama, ya ga yadda shi ma yake jin tsoro, yake mutuwa, da wuya ya dawo gida ya kwanta a tsala masa bulala. Shekara guda da ƙare yaƙin aka soke ta. Shi kuwa horo da fareti da kaya a baya, dama Turawa suna yin sa a nasu sojan, kuma bai shiga cikin abin da aka soke ba. Ra'ayina shi ne, da bulala ta faɗi sai gwale-gwale ya gaji kujerarta. Mun karɓi mulkin kai a 1960, hafsoshi suka zama namu, amma shi yana nan daram.

Yanzu bari in koma ga Kawu, domin littattafan tarihi ba su faɗi yadda ake jurewa ba. Ya ce abu na farko da kurtu ke koya shi ne kada ya ƙirga. In ka ce saura goma a gama, sai kofur ya ƙara ashirin, zuciyarka ta karye tun kafin ƙafarka. Na biyu, kada ka ɗauka da kai ake. Mutum ɗaya zai yi laifi a hori ɗaki duka, kuma gobe ma za a yi, ko da laifi ko babu. Da farko, in ji shi, har dukan mai laifin suke yi da dare, amma kafin wata biyu sai ga su suna gyara masa gado, suna goge masa takalmi don kada ya ja musu. Ya ce a nan ya gane abin da ake nufi da horon, ko da yake ba wanda ya taɓa gaya musu.

Sauran dabarun ƙanana ne. Gari da sukari a ɓoye cikin aljihu. Shan ruwa duk inda aka gan shi, ko babu ƙishirwa. Barci a tsaye, kafaɗarka a jikin ta ɗan'uwanka. Sai waƙa. Ya ce in ana gudu ƙafa ta ƙi, wani zai ɗauko waƙa daga baya, sau da yawa ta Hausa, waɗanda ba sa jin ko "zo" su amsa, sai ka ga sahu ya daidaita. Kowane kofur kuma yana da sunan da suka laƙaba masa a ɓoye, dariyar da ake yi da sunan nan da dare ita ce maganin ciwon jiki.

Duk da haka akwai iyakar da waƙa ba ta ƙetare ta. Likitoci sun tabbatar cewa tsallen kwaɗo mai yawa cikin rana yana iya farfasa naman cinya, fitsari ya yi baƙi-baƙi, har ƙoda ta taɓu. Kawu ya ce ya ga waɗanda aka ɗauka ranga-ranga. Bugu da ƙari, abin bai tsaya a bariki ba. A 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, an sa ma'aikatan gwamnati da suka makara tsallen kwaɗo. Ni kaina na yi shi a sakandare riƙe da kunnuwana, ban kuwa san cewa gadon bariki nake ci ba.

Yau Kawu a kan kujera yake salla saboda gwiwa. Ran da zan komo makaranta na tambaye shi ko shi ma ya taɓa sa wani gwale-gwale bayan ya sami igiya. Ya daɗe yana duban ƙasa, sa'an nan ya ce, "Sosai ma. Har sun sa mini suna." Na yi, na yi, ya ƙi faɗa mini sunan.