Firam ɗin keken kabon: Yadda ake gano lahani da abin da ke gyaruwa

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, 'yar tseren keke ta farko da ta wakilci Najeriya a wannan gasa, sai da ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga tseren cikin fili. Kekunan tsere na zamani, waɗanda akasari da zaren kabon ake ƙera su, suna da tsada. Tsadar ce ke sa matasa da yawa a Afirka sayen na hannu, alhali irin wannan firam yana iya ɗauke da lahanin da ido ba ya gani.

Mene ne firam ɗin kabon?

Zaren kabon siriri ne ƙwarai, kaurinsa maikiromita 5 zuwa 10, wato bai kai silin gashi ba. Ana jera dubbansa su zama falle, a jiƙa da gam na efoksi, a ɗora falle bisa falle cikin mazubi, sannan a gasa. Kowane falle da inda ya fuskanta, domin zaren yana da ƙarfi ne ta tsawonsa kawai. Tun 1986, lokacin da Ba'amurke Greg LeMond ya lashe gasar Tour de France a kan keke mai bututun kabon, wannan fasaha take mamaye tsere. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade a 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8.

Me ya sa lahaninsa ke ɓuya?

Ƙarfe idan ya bugu lanƙwasa yake yi ko ya lotsa, mai shi ya gani. Kabon kuwa yakan koma siffarsa, fenti na sheƙi, amma a ciki fallayen sun rabu ko zaren ya tsinke. Daga nan tsagar za ta ci gaba da faɗaɗa har bututun ya karye farat ɗaya. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne faɗuwa, da dukan kan keke a jikin bututun sama, da sarƙa idan ta maƙale kusa da feda, da kuma ɗaure noti fiye da ƙima. Yawancin notin sirdi da na kan keke ƙarfin nutan-mita 4 zuwa 6 suke buƙata, kuma kamfanoni kan rubuta adadin a gefensu. Sifana mai awon ɗauri ce kaɗai ke tabbatar da shi.

Yadda ake dubawa

Da farko a wanke keken tas, a haska tocila a karkace, a bi kowane bututu. Ƙarzuwar fenti ba ta da zurfi, amma tsagar da farce ke maƙalewa a cikinta, ko wadda ta bi zagayen bututu, abar tuhuma ce. Sai a danna wurin da babban yatsa: idan ya yi laushi ko ya yi ƙara, akwai matsala. Bayan haka a ƙwanƙwasa a hankali da tsabar kuɗi. Lafiyayyen wuri yana ba da amo mai kaifi, wanda ya rabu a ciki kuwa amonsa a dushe yake. A kwatanta da daidai wurin a ɗaya gefen, tunda amo na sauyawa a mahaɗar bututu ko da babu lahani.

Wannan gwaji yana iya tona lahani, amma ba ya wanke firam daga zargi. Tabbaci sai da na'urar sauti irin ta sikanin asibiti, ko hoton zafi, ko eksire, dabarun da ake amfani da su a jiragen sama irin Boeing 787, wanda kusan rabin nauyin gangar jikinsa haɗin irin wannan ne.

Yadda ake gyarawa

Walda ba ta da aiki a nan, wuta ƙona efoksin take yi. Shafa gam a kan tsaga kuwa rufa-rufa ce kawai. Ƙwararre yana goge wurin da samfefa har ya cire duk abin da ya lalace, ya sassaƙe gefen ramin a gangare, sannan ya jera sabbin fallaye kowanne bisa fuskar na asali. Sai ya matse su da leda mai zuƙe iska ko tef mai tsukewa, ya gasa, ya sake gwaji kafin fenti. Ƙurar kabon na cutar da huhu kuma tana ɗaukar lantarki, don haka takunkumi wajibi ne.

Tsakiyar bututu ta fi sauƙin gyara, kuma idan aikin ya yi kyau firam ɗin kan koma hanya. Fok da kan keke da sandar sirdi kuwa sauya su ake yi, domin karyewarsu ana cikin gudu na iya zama ajali.

Wa ke ɗaukar asarar?

Kamfanoni da dama suna soke garanti idan wani ya taɓa firam, kuma garantin yakan tsaya ne ga wanda ya fara saye. Dokar 'yancin gyara da Tarayyar Turai ta zartar a 2024 ta shafi wayoyi da injin wanki, amma ba ta haɗa da firam ɗin keke ba. Ga shi efoksin da aka gasa ba ya narkewa, don haka firam ɗin da aka jefar da wuya a sake sarrafa shi. Wanda aka yi wa sabon fenti aka turo kasuwar gwanjo kuwa, mai saye ne zai ɗauki haɗarinsa.

Saboda haka, duk mai sayen na hannu ya nemi a cire fok da sandar sirdi ya duba cikinsu, ya tambayi dalilin duk wani sabon fenti ko sitika a inda ba a saba gani ba. Idan dillali ya ƙi, gara keken ƙarfe ko na alminiyam, wanda lahaninsa ya fi fitowa fili.