BABI NA BIYU: TARIHIN CUTAR RAWAYAR SHINKAFA DA ALAƘARTA DA CUTUTTUKAN FUNFUNA A ƘASASHEN JEGA, ALIERO DA MAIYAMA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin cutar bairos mai mayar da ganyen shinkafa rawaya, tare da nuna yadda take share wa cututtukan funfuna hanya. Dalili kuwa shi ne, manomi kan ga ɗigo-ɗigo a ganye ya ruga sayen maganin feshi, alhali tushen matsalar yana wani wuri daban.

2.1 Asalin Cutar

An fara ganin wannan cuta a shekarar 1966 kusa da garin Kisumu na ƙasar Kenya, a gonakin ban-ruwa. Zuwa 1976 an ba da rahotonta a Afirka ta Yamma, har da Nijeriya. Daga baya ta addabi gonakin ban-ruwa na bakin Kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar, wadda ke maƙwabtaka da Jihar Kebbi. Ba ta bin iri. Ƙwari masu cin ganye ne ke yaɗa ta, haka ma gogayyar ganye da ganye, da hannun mai dashe, da dabbobin da ke kiwo a gona. Idan an girbe, takan laɓe a cikin shinkafar daji da tohon da ya rage.

2.2 Sauyin Tsarin Noma

Tun kafin zuwan Turawa ake noman jar shinkafa ta gargajiya a fadamun wannan yanki, musamman bakin Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega, kuma sau ɗaya ake yi a shekara. Sannu a hankali irin da ya samo asali daga Asiya ya maye gurbinta saboda yawan amfani, sai dai akasarinsa ba ya jure wa bairos. Bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 noman rani ya ci gaba da bunƙasa, ya ƙara haɓaka bayan da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Noma damina da rani yana nufin fadama ba ta rabuwa da ɗanyen ganye, don haka cuta da ƙwarinta ba su rasa mafaka.

2.3 Yadda Bairos Ke Buɗe wa Funfuna Ƙofa

Binciken da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa masarar da bairos ya kama ta fi saurin kamuwa da ruɓewar saiwa da cutar ganye ta funfuna. Bairos kan rage koren ganye, abincin da tsiro ke sarrafawa ya ragu, saiwa ta tsumbure, garkuwarsa ta yi rauni. Cutar ɗigo mai ruwan ƙasa kuwa, wadda funfuna ke haddasawa, an san ta da afka wa shinkafar da ta raunana ko ta rasa taki. Ba cutar rainawa ba ce, domin tana cikin abubuwan da suka taimaka wajen yunwar Bengal ta 1943.

2.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa maganin funfuna ba ya kashe bairos. Manomin da ya dogara da feshi kaɗai yana iya yin asara biyu: kuɗin magani da amfanin gona, ga kuma bashi a wuyansa. Abin da ya fi dacewa shi ne tuge tsiron da ya kamu, da kawar da toho da shinkafar daji, da neman iri mai juriya. Babi na gaba zai duba sunayen da manoman waɗannan ƙasashe uku ke kiran cututtukan da su.