Tsakuwar Ƙoda: Hanyoyin Magani da Kula da Mai Jinya a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi

Tsakuwar ƙoda, wadda wasu ke kira dutsen ƙoda, tana daga cikin cututtukan da ke kai jama'a asibiti cikin matsanancin ciwo, musamman a lokacin bazara. Mun tanadi wannan bayani domin amfanin al'ummar ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, tare da hakimai, dagatai, kansiloli da ma'aikatan sashen lafiya, waɗanda su ake fara tunkara idan lalura ta taso a ƙauye. Abin da muke so a fi riƙewa shi ne, girman tsakuwar da wurin da ta tsaya su ke nuna irin maganin da ya dace, kuma ba a sanin waɗannan biyun sai da hoton asibiti. Lafawar ciwo ba ta nufin tsakuwa ta fita.

Yadda tsakuwar ke samuwa

Aikin ƙoda shi ne tace jini da fitar da dattinsa ta hanyar fitsari. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, fitsari yakan yi kauri, sai sinadaran da ke cikinsa su fara daskarewa kamar yadda gishiri ke kwantawa a gindin tukunya idan ruwan ya ƙone. Mafi yawan tsakuwoyin na kalsiyam ne haɗe da wani sinadari mai suna okzalet. Akwai na yurik asid, waɗanda ke da alaƙa da yawan cin nama da ciwon sukari, akwai kuma waɗanda ƙwayoyin cutar fitsari ke haifarwa, waɗanda suka fi kama mata kuma sukan girma har su cika ƙoda.

Yankinmu na da zafi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana kan haura digiri 40, kuma manomi, makiyayi, ɗan acaɓa da ɗan dako duk sukan wuni suna zufa ba tare da shan ruwan da zai mayar da abin da ya fita ba. Gado ma na da hannu a ciki, haka nan yawan gishiri a abinci. Sai dai ya kamata mu gyara wata fahimta da ta bazu: tsakuwar da mutum ya haɗiye cikin shinkafa ko wake ba ta zuwa ƙoda. Hanyar abinci dabam, hanyar fitsari dabam.

Alamomi, da waɗanda ba a kwana da su

Tsakuwa kan zauna cikin ƙoda tsawon lokaci ba a san da ita ba. Ciwon yakan taso ne idan ta gangaro cikin siririn bututun da ya haɗa ƙoda da mafitsara. Mai ciwon zai ji murɗa mai tsanani a kwiɓi ɗaya, ta baya, tana saukowa zuwa mara da matsematsi, tana zuwa tana lafawa. Ba ya iya zama wuri ɗaya, yakan yi amai, kuma fitsarinsa kan yi ja ko launin shayi.

A garuruwan da ke kusa da gulbi da tafkuna an saba ɗaukar duk wani jini a fitsari a matsayin tsargiya. Tsargiya gaskiya ce kuma tana da nata magani, amma gwajin fitsari ne kaɗai zai raba tsakaninta da tsakuwa, kuma mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun. Haka kuma yaron da ke kuka lokacin fitsari, yana jan gabansa, fitsarin na yankewa yana dawowa, a kai shi a duba, domin yara kan yi tsakuwa a mafitsara.

Akwai halin da ba a jira gari ya waye sau biyu. Idan ciwon kwiɓi ya haɗu da zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya, ko amai ya hana ruwa zama a ciki, ko mai ciwon mace ce mai juna biyu, ko an san ƙodarsa ɗaya ce ke aiki, to a nufi babban asibiti. Fitsarin da tsakuwa ta tare, idan ƙwayoyin cuta suka shige shi, yana iya lalata jini ya halaka mutum cikin kwanaki kaɗan. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a tsaya ga maganin kemis.

Inda za a je

Matakin farko shi ne asibitin sha-ka-tafi ko cibiyar lafiya mafi kusa, inda za a rage ciwo a kuma rubuta takardar tura mara lafiya gaba. Daga nan sai Babban Asibitin Ƙaura Namoda, ko na Shinkafi, ko na Zurmi. Abin da ya fi ƙarfinsu akan tura shi Gusau, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Ayyukan da ke buƙatar ƙwararrun likitocin mafitsara da na'urori na musamman akan kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda ke da cibiya ta musamman kan cututtukan ƙoda da mafitsara, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam da ke Kano.

Gwajin da aka fi farawa da shi shi ne na fitsari da na jini, sannan hoton sikanin, wanda ke nuna tsakuwa a ƙoda da kuma kumburin da toshewa ta haifar. Hoton CT ya fi kowanne nuna girman tsakuwa da wurinta, sai dai ya fi tsada kuma a manyan asibitoci ake samunsa. Muna ba da shawara a adana kowane hoto da takardar gwaji cikin leda ɗaya, a tafi da su duk asibitin da za a je. Wannan kan rage maimaita gwaji da ɓarnar kuɗi. Kafin a ɗauki doguwar hanya, musamman ganin halin tsaron hanyoyinmu, likitan da ya tura ya tuntuɓi can ya tabbatar da ranar ganin ƙwararre, kuma a shirya tafiyar da rana.

Ƙaramar tsakuwa: jira da magani

Likitoci na auna tsakuwa da milimita. Wadda ba ta wuce milimita 5 ba, wato kamar ƙwayar dawa, galibi takan fita da kanta. Daga milimita 5 zuwa 10 kusan rabi ne ke fita ba tare da aiki ba. Wadda ta haura milimita 10, kamar ƙwayar gyaɗa, da wuya ta bi bututun ta fice.

Ga ƙaramar tsakuwa, likita kan ba da maganin rage ciwo irin su Diclofenac, wani lokaci da Tamsulosin, wanda ke sassauta bututun domin tsakuwa ta samu wucewa. A lura cewa Diclofenac da Ibuprofen, duk da amfaninsu, suna iya cutar da mai gyambon ciki, mai juna biyu da wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, don haka ba maganin da za a yi ta saye a tebur ba ne. Mai jinya ya riƙa yin fitsari a wani mazubi yana tacewa da ƙyalle mai tsabta. Idan tsakuwar ta fito ya ajiye ta ya kai wa likita, domin sanin irinta ke nuna yadda za a hana ta dawowa.

Jiran yana da iyaka. Idan mako huɗu zuwa shida suka wuce ba a ga tsakuwa ba, a koma a sake hoto ko da ciwon ya ɗauke sarai. Tsakuwa na iya toshe bututu ciwo ya lafa, ƙodar kuwa tana kumbura tana mutuwa a hankali, ɗaya ƙodar na ɗauke da aikin, mutum na harkokinsa bai sani ba. Wanda hakan ta same shi a ƙodoji biyu ƙarshensa wankin ƙoda ne, wanda akan yi sau biyu ko uku a kowane mako, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin mafi yawan gidaje.

Tsakuwar yurik asid ce ake iya narkarwa da magani, ta hanyar rage tsamin fitsari a ƙarƙashin kulawar likita. Ta kalsiyam ba ta narkewa, ko da maganin asibiti ko da sassaƙe. Saboda haka muna jan hankalin jama'a game da masu tallar magani da lasifika a ranakun kasuwa, waɗanda ke cewa kwalba ɗaya na wanke ƙoda tas. Wasu haɗe-haɗen, musamman masu yawan kanwa, ƙodar suke ƙara wa nauyi.

Babbar tsakuwa: ayyukan asibiti

Hanya ta farko ita ce farfasa tsakuwa daga wajen jiki da wata na'ura mai aika girgiza mai ƙarfi, ba tare da yanka ba. An fara yi wa ɗan Adam wannan aiki a birnin Munik na ƙasar Jamus a 1980. Ya fi dacewa da tsakuwar da ba ta kai santimita 2 ba, kuma wani lokaci sai an maimaita. Ta biyu ita ce a zura siririn bututu mai kyamara ta mafitar fitsari har zuwa inda tsakuwar take, a farfasa ta da hasken leza ko wani makami, a kwashe ɓarɓashin. Ta uku, ga tsakuwar da ta haura santimita 2 ko ta cika ƙoda, akan huda ƙaramar ƙofa a baya a shiga ƙodar kai tsaye. Likitoci a ƙasar Suwidin suka fara bayyana wannan dabara a 1976. Ta huɗu ita ce tiyatar buɗe jiki, wadda har yanzu ake yi a asibitocinmu kuma tana warkarwa, sai dai jinyarta ta fi tsawo. Ba kowane asibiti ke da dukkan waɗannan na'urori ba, don haka mara lafiya na da haƙƙin tambayar likita wace hanya za a bi, nawa za ta ci, kuma me ya sa aka zaɓe ta.

Bayan aiki

Wanda aka farfasa wa tsakuwa daga waje ko ta bututu yakan koma gida a ranar ko washegari, ya ga ɗan jini a fitsari na 'yan kwanaki, ɓarɓashi kuma na iya ci gaba da fita har makonni. Wanda aka huda ta baya kan yi 'yan kwanaki a gado. Mai tiyatar buɗewa kan yi kimanin mako guda a asibiti, sannan mako huɗu zuwa shida ba huɗa, ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar buhu. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, manomi ya tattauna da likita a sa ranar ta yadda jinya za ta ƙare kafin faɗuwar damina.

Akwai abin da muke so iyalai su riƙe da kyau. Sau da yawa likita kan bar wata siririyar roba a cikin bututun fitsari domin kada ya toshe, wadda ake kira sitent. Ba ta zama ba ce. Akan cire ta bayan kwanaki ko makonni, gwargwadon yadda likita ya ce. Wasu da zarar sun ji sauƙi sai su ƙi komawa saboda nisa ko kuɗin mota, robar ta yi watanni a ciki, sabuwar tsakuwa ta lulluɓe ta, har cire ta ya zama aikin da ya fi na farko wuya. Kafin a bar asibiti a tambaya ko an sa roba, a rubuta ranar cirewa, a kuma shaida wa wani babba a gida.

Hana ta dawowa

Kusan rabin waɗanda suka taɓa yin tsakuwa kan sake yi cikin shekara biyar zuwa goma. Babban rigakafi ruwa ne: lita biyu da rabi zuwa uku a yini, wato ledar fiyawota biyar zuwa shida, a bazara ma fiye da haka. Ma'auni mafi sauƙi shi ne launin fitsari. Idan ya yi fari-fari an sha isasshe, idan ya yi ja-ja a ƙara. Mai ciwon zuciya ko wanda ƙodarsa ta gaza shi ne kaɗai zai bi adadin da likita ya ƙayyade masa. Daga 2020 zuwa 2024 azumin Ramadan ya faɗo tsakanin Maris da Mayu, tsakiyar zafi. Duk lokacin da ya zo, mai tarihin tsakuwa ya rarraba shan ruwansa daga buɗa-baki zuwa sahur, wanda ke cikin jinya kuwa ya nemi shawarar likita da ta malamai.

A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a rage lemon kwalba, kilishi, tsire da kayan ciki. Mai tsakuwar okzalet ya sassauta alayyafo, gyaɗa da shayi mai kauri. Matsa lemon tsami a ruwan sha na taimakawa. Kada kuma a daina shan nono don an ji tsakuwar ta kalsiyam ce. Kalsiyam ɗin da ke cikin abinci yana kama okzalet tun a hanji, ya hana shi isa ƙoda.

Ga shugabannin al'umma

Muna kira ga kansiloli da sassan ayyuka na ƙananan hukumomi su ba gyaran rijiyoyin burtsatse muhimmanci kafin shigowar bazara, musamman a kasuwanni, tashoshin mota da makarantu. Makewayi ma na cikin maganar, domin mata da 'yan mata da yawa kan ƙi shan ruwa a kasuwa ko makaranta saboda ba su da inda za su kewaya. Ma'aikatan cibiyoyin lafiya su riƙa rubuta sunan duk wanda ya dawo daga Gusau, Sakkwato ko Kano da roba a jikinsa, tare da ranar komawarsa, su tunatar da shi ta hannun mai unguwa. Masu son sanin yadda ake rajista da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha su tuntuɓi hukumar ZAMCHEMA ko sashen lafiya na ƙaramar hukumarsu, su kuma tambayi gwaje-gwaje da ayyukan da shirin ke ɗaukar nauyinsu.