Tarihin Tazarar Ƙarfi Tsakanin Katin Hoto na Kwamfutar Tafi-da-gidanka da na Kwamfutar Tebur

Katin hoto shi ne sashen kwamfuta da ke sarrafa abin da ido ke gani a allo, kuma a kansa wasannin kwamfuta, tace bidiyo da zanen gine-gine suka dogara. Tun da aka fara saka irinsa a kwamfutar tafi-da-gidanka ake muhawara kan yadda ƙarfinsa yake idan aka gwada da na kwamfutar tebur, kuma masu rubuta tarihin sun saɓa kan lokacin da biyun suka yi kunnen doki da lokacin da suka sake rabuwa. Matsayin wannan maƙala shi ne, sunan da ke jikin kati bai taɓa zama ma'aunin ƙarfinsa ba. Abin da ke yanke hukunci tun farko shi ne yawan wutar da katin ke ja, da yadda akwatin da yake ciki ke iya fitar da zafin da wutar ta haifar.

Zamanin farko ba ya buƙatar dogon bayani. Kamfanin Nvidia ya fitar da GeForce 256 a 1999, ya sanar da GeForce2 Go na tafi-da-gidanka a 2000, yayin da ATI, wanda AMD ta saya a 2006, ke da nasa jerin mai suna Mobility. Daga 2007 Nvidia ta riƙa maƙala harafin M a ƙarshen sunan katunan tafi-da-gidanka. Harafin yana gargaɗin mai saye, amma ba ya gaya masa girman tazarar. GTX 280M na 2009 yana da ƙwayoyin lissafi 128 ne kawai, kuma an gina shi a kan tsohon guntu na jerin da ya gabata, alhali GTX 280 na tebur yana da 240. A 2014 tazarar ta ragu: GTX 980M na da 1536, takwaransa na tebur na da 2048.

Wasu suna ɗaukar Satumba 2015 a matsayin farkon daidaito, domin a watan ne aka saka cikakken GTX 980 a kwamfutar tafi-da-gidanka. Wannan ra'ayi yana da rauni, saboda katin ya shiga 'yan tsirarun kwamfutoci ne masu kauri da nauyi da tsada. Lokacin da ya fi cancanta shi ne Agusta 2016, sa'ad da jerin Pascal ya zo aka cire harafin M gaba ɗaya. GTX 1080 na ɓangarorin biyu yana da ƙwayoyi 2560, GTX 1070 na tafi-da-gidanka ma ya fi na tebur yawan ƙwayoyi, 2048 a kan 1920, domin a cike gurbin rage masa saurin gudu. Kamfanin ya ce bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne dalilin da ya sa hakan ta yiwu. Sabuwar fasahar ƙira ta nanomita 16 ta rage cin wuta ƙwarai, har GTX 1080 na tebur ya tsaya a wat 180, adadin da babbar kwamfutar tafi-da-gidanka mai fankoki biyu za ta iya kusantarsa. Ke nan kusancin ya samu ne saboda na tebur bai yi nisa ba tukuna.

Haka nan an saɓa kan ƙarshen wannan zamani. Akwai masu cewa ya ƙare a 2017, lokacin da aka ɓullo da tsarin Max-Q, wanda ya rage wutar GTX 1080 zuwa tsakanin wat 90 da 110 don ya shiga siririyar kwamfuta. Amma guntun bai canza ba a lokacin, kuma ana rubuta Max-Q a jikin sunan. Rabuwa ta haƙiƙa ta zo ne a Janairu 2021. RTX 3080 na tebur yana da ƙwayoyi 8704 kuma yana jan wat 320, shi kuwa mai wannan suna a tafi-da-gidanka an gina shi a kan ƙaramin guntu mai ƙwayoyi 6144, kuma mai ƙera kwamfuta na iya saita shi daga wat 80 zuwa 150. Sakamakon haka kwamfutoci biyu masu kati iri ɗaya a takarda suka riƙa bambanta sosai a aiki, har Nvidia ta buƙaci masu ƙera kwamfutoci su riƙa bayyana yawan wutar. A 2023 lamarin ya ƙara fitowa fili: RTX 4090 na tebur yana da ƙwayoyi 16384, ma'adanar hoto gigabayit 24, da wat 450, na tafi-da-gidanka kuwa ƙwayoyi 9728 da gigabayit 16, wato daidai da adadin RTX 4080 na tebur, amma da kusan rabin wutarsa ko ƙasa da haka. A 2025 RTX 5090 na tebur ya kai wat 575.

Masu kare kamfanin suna da hujjoji biyu, kuma kowacce na da ƙamshin gaskiya. Ta farko ita ce ƙarfi ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar wuta, don haka katin da aka ba rabin wuta yana yin fiye da rabin aikin. Haka ne, kuma a ma'aunin aiki kan kowane wat katin tafi-da-gidanka ne ke gaba. Sai dai mai saye ya biya kuɗin suna ne, yana zaton zai samu aikin da aka san sunan da shi. Hujja ta biyu ita ce a matsakaitan katuna tazarar ba ta da yawa. RTX 4060 na ɓangarorin biyu yana da ƙwayoyi 3072 da gigabayit 8, na tebur yana jan wat 115, na tafi-da-gidanka ma ana iya kai shi wannan adadi. Wannan misali yana ƙarfafa matsayin maƙalar ne, domin inda wutar ta yi daidai ƙarfin ya yi daidai, kuma wannan katin dai ana iya saita shi a wat 35 a siririyar kwamfuta, a nan kuwa ƙarfin ya faɗi.

Ɓangaren AMD bai sauya wannan hoto ba, domin zafi da wuta iri ɗaya ke ɗaure katunansa. Mai shirin saye, musamman a inda lantarki ba ya tsayawa, ya sani cewa duk waɗannan alƙaluma na lokacin da kwamfuta ke jone da caja ne, da zarar ta koma kan batir ƙarfin katin yana raguwa sosai. Kafin ka biya kuɗi, nemi sunan guntun, yawan ƙwayoyinsa, da yawan wat ɗin da aka saita masa a wannan kwamfutar da ke gabanka.